Hannun Osvaldo

Sunana Ornella Pasquazi. A Nettuno aka haife ni, a bakin teku, gidan masunta, kuma har yau a nan nake sayar da kifi a rumfar da mahaifiyata ta bar mini. Ban taɓa daɗewa a wani wuri ba sai wata goma sha huɗun da na yi a gidan yari. Matan da ke son jin abin da ya kai ni can sukan fara ne da tambayar lafiyar yayana Tullio. Nakan ce yana nan ƙalau, in naɗe musu kifinsu. Amma ga yadda abin ya kasance.

A garinmu babu namijin da bai taɓa riƙe gorar besbol ba, tun lokacin da sojojin Amurka suka sauka a gaɓarmu suka bar mana wasan. Tullio shi ne mai cafke ƙwallo a ƙungiyar unguwarmu, wanda ke tsugunawa bayan mai bugu da ragar ƙarfe a fuska. Ƙato ne, wuya kamar na bijimi, ga baki. Yana daga tsugune zai riƙa yi wa mai bugu zancen matarsa ko tumbinsa, har ran mutum ya ɓaci ya kai wa iska duka. 'Yan unguwa suna sonsa saboda wannan. Ni ce mai wanke masa kayan wasa, kuma da muryata ake gane inda 'yan gidanmu suka zauna a fili.

Wata Lahadi cikin Yulin 1978 'yan Pontecupo suka zo mana. Garinsu yana can kan tuddai, tafiyar awa uku a mota, kuma da ma ba ma ga maciji da su. A zagaye na biyar wani ɗan wasansu mai suna Lelio ya taso a guje daga tasha ta uku zai shigo gida, wato inda Tullio ke tsugune, ya ci maki. Tullio ya tare masa hanya da ƙwallo a hannu, ya saukar da kafaɗa, suka yi karo. Daga inda nake zaune na ji ƙarar ƙafar Lelio kamar an taka busasshen kara. Ƙashin ya huda wando ya leƙo a ƙasan gwiwa. Yana birgima yana kiran uwarsa, Tullio ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwoyinsa, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Ai ba a shiga gidan mutane ba sallama."

Muka kwashe da dariya. Ba zan yi ƙarya ba, har da ni.

Mai jefa ƙwallo na ƙungiyar Pontecupo yayan Lelio ne, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Osvaldo. Dogo ne siriri, marar magana, kafinta ne a garinsu. Shi ya tallafe kan ƙanensa har aka saka shi a motar asibiti, sannan ya dawo ya hau tudun jifa. Da layi ya zo kan Tullio ya ɗauki gora, jifan farko ya bi ta bayansa. Alƙalin wasa ya ɗaga yatsa ya yi gargaɗi. Tullio ya yi dariya, ya daki ƙirjinsa.

"Ga ni nan, kafinta. Haka kake buga ƙusa a garinku?"

Jifa na biyu ya same shi a gefen kai na hagu, daidai inda hular kwanon wancan zamani ba ta rufewa. Ko ƙara bai yi ba. Ya sulale ya kifa da fuska, ƙafarsa ɗaya tana harbin ƙasa.

Kafin in gama saukowa fili ya cika. Mazajen unguwarmu suka haura shinge, wasu da kujeru, wasu da kwalabe, 'yan wasa kowa da gorarsa. Na durƙusa na ɗora kan Tullio a cinyata, jini yana fita ta kunnensa da hancinsa yana jiƙa mini siket, mutane suna taka mini baya suna wucewa. Na hango Osvaldo a ƙasa, mutum huɗu a kansa, kawunmu yana dukan bakinsa da dugadugin takalmi. Haƙora biyar ya bari a filinmu. Aka farfasa gilasan motarsu, da ƙyar direban ya fitar da su daga gari da taya ɗaya a fashe.

Kwana goma sha tara Tullio ya yi a asibiti a Roma bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo idon hagu ya tafi, hannun dama yana rawa, bakin nan da ya addabi mutane ya koma in'ina. Kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito. Likita ya ja ni gefe ya ce ƙashin kan ya yi rauni, duk abin da ya sake samunsa a wurin zai iya zama ajalinsa. Hukumar wasa ta zauna, Osvaldo ya ce ƙwallon ce ta kuɓuce masa saboda gumi. Aka dakatar da shi shekara ɗaya, ya dawo ya ci gaba da jifa. Lelio kuwa bai sake gudu ba, ƙafar ta haɗe a karkace.

Shekara biyun farko gidanmu ba ya zaunuwa, musamman ranar Lahadi idan ihun fili ya shigo ta taga. Tullio zai tashi ya kama faranti yana rotsawa da bango ɗaya bayan ɗaya. Ya taɓa naushin ƙofar ɗaki har hannunsa ya ɓulla ta ɗaya gefen. Ya taɓa hankaɗe Mama ta faɗa kan murhu ta ƙone a damtse, sannan ya zauna a ƙasa yana kuka. A shekara ta biyu babanmu ya rasu, ya bar mana kwalekwale da wata tsohuwar ƙaramar mota. Na rabu da kwalekwalen, na koyi tuƙi.

Wata Lahadi na saka Tullio a mota don kawai in nesanta shi da ihun, na miƙi hanyar arewa ban san inda za mu ba. Muka tsinci kanmu a Grosseto. Muna wuce filin wasansu ya kama mini hannu ya nuna ƙofa. Na ce masa a'a, ya ƙi saki. Muka shiga. A bakin ƙofa suna ba duk wanda ya yanki tikiti ɗan kati mai hoton ɗaya daga cikin 'yan wasansu. Tullio ya zauna tun daga jifan farko har na ƙarshe bai motsa ba, hannun ma ya daina rawa. Da aka tashi ya je jikin shinge ya miƙa wa mai hoton katin, mutumin ya sa hannu. Har muka iso gida yana riƙe da shi da hannu biyu, ranar kuma ba a fasa faranti ba.

Daga nan abin ya zama aikinmu. Duk Lahadi daga bazara har ƙarshen kakar wasa, Mama za ta cusa mana burodi da cuku da soyayyen kifi a jaka, mu kama hanya. Mun je Parma, mun je Rimini da Bologna, mun je filayen ƙauyuka da tumaki ke kiwo a bayan shinge. Kowane wasa kati ɗaya. Idan da hali, na mai cafke ƙwallo yake nema. A bayan katin ni ke rubuta ranar da yadda aka tashi, tunda hannunsa ba ya iya rubutu. Yana da biro nasa na musamman da Baba ya bari, da shi kaɗai ake sa masa hannu. Katunan suna cikin wani gwangwanin biskit da ba ya rabuwa da shi, kuma ba ya karɓar katin wasan da bai kalla da idonsa ba, ko kyauta aka ba shi.

Ba wai fushin ya tafi ba ne gaba ɗaya. Wata rana a gidan mai kusa da Parma, Tullio yana ƙoƙarin cewa a cika mana tanki, mai zuba man ya kwaikwayi in'inarsa don ya ba abokansa dariya. Tullio ya shaƙo wuyansa da hannun hagu, ya ɗaga shi ya manna da famfon mai har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Fuskar mutumin ta yi baƙi, harshe ya fito. Na yi kira, na yi roƙo, a banza. Sai da na gantsara masa cizo a hannu har na ji gishirin jini a bakina, sannan ya saki. Muka gudu ba mu sha man ba.

Saboda irin wannan kowa tsoron Tullio yake yi. Ni kuwa ana yaba haƙurina, har Fada ya taɓa ambaton sunana a coci. Wani mai gyaran injin jirgi ya nemi aurena, ya yi shekara uku yana jiran Lahadin da zan ba shi, ya gaji ya auri wata. Ban yi kuka ba. Amma duk Litinin nakan sayi jaridar wasanni in nemi sunan Osvaldo. Idan na samu hotonsa, da wannan shafin nake naɗe hanjin kifi. Babu wanda ya sani.

Fili ɗaya ne ba mu taɓa takawa ba, na Pontecupo. A Satumbar 1987 jarida ta ce Osvaldo zai yi wasansa na ƙarshe, ƙungiyarsu har ta buga masa kati na ban kwana. Muna cin taliya da rana Tullio ya ajiye shafin a gabana.

"Za... za mu je."

Mama ta ajiye cokali. "Ina za ku? Wurin mutanen da suka mayar da kai haka? In ka tafi ban yafe ba."

"Yaya, me za ka yi a can?" na tambaye shi.

Ya nuna hoton katin.

"Kati kawai?"

Ya gyaɗa kai. Ya so ya ƙara wani abu, maganar ta maƙale, ya haƙura.

Ranar Lahadi da safe kafin ya shiga mota na caje shi kamar ɗan sanda, aljihu da safa da ƙugu. Babu komai sai biro da hankici. Ya yi murmushi da gefen bakinsa mai motsi, ya ce, "Ke... ke fa?" Na ce ya shiga mota kada mu makara.

Mun isa ana tsakar rana. Filin yana gindin tudu, kujerunsa matakalar siminti ce, ko'ina ƙamshin gasasshen naman alade. A bakin ƙofa aka ba mu katin: Osvaldo da furfura a gefen kai, baki a rufe. Can gefe wani mai ƙiba yana yanka nama a kan tebur yana cusawa a burodi, sandar dogarawa mai kan ƙarfe tana rataye a gwiwar hannunsa. Ya ɗago ya dubi Tullio, wuƙar ta tsaya. Sai da muka wuce na gane Lelio ne. Ya zama mahauci.

Muka zauna a tsakiyarsu, don babu wani wurin. Kafin zagaye na uku labari ya zaga. Aka fara da ƙwallayen zaitun, suna sauka a wuyan Tullio. Sai ɓawon kankana. Wani daga baya ya ce, "Mai ido ɗaya, yau ka yi sallama kafin ka shigo?" Wani ya amsa masa da in'inar ƙarya, aka yi dariya. Na dubi hannun Tullio, ina jiran ya tashi. Yana zaune da gwangwaninsa a cinya, idonsa a kan fili.

"Yaya, mu tafi. Ka samu katin."

"Ba... bai sa hannu ba."

Osvaldo ya yi jifa zagaye bakwai. Ƙarfin hannun ya ragu amma dabarar tana nan, suka ci wasan. Aka yi ta tafi, aka ba shi furanni. Sannan aka ajiye masa tebur a bakin rumfar 'yan wasa, jama'a suka sauko suka yi layi da katunansu. Tullio ya tashi ya bi layi, na bi bayansa. Ina jin yadda mutane ke matsowa ta gefe da gefe, waɗanda ba layin suke bi ba.

Da muka iso gaban tebur Osvaldo ya miƙo hannu bai ɗago ba. Tullio ya ajiye katin. Shirun da aka yi ne ya sa ya ɗaga kai. Suka dubi juna. Tullio ya buɗe baki, muƙamuƙinsa yana rawa, "O... O..." maganar ta ƙi fita. Sai ya sa hannu cikin aljihun kwat zai ciro bironsa.

"Wuƙa zai zaro!"

Muryar Lelio ce, ta ɓangaren hagu, inda Tullio ba ya gani. Sandar ta sauka a tsakanin wuyansa da kafaɗa, na ji ƙashi ya ba da ƙara. Ya durƙusa. Gwangwanin ya faɗi ya buɗe, katunan shekara bakwai suka watse a ƙasa. Kafin in kai gare shi sun rufe shi, sun fi mutum goma, da ƙafa da kwalba da ƙafar kujera. Tullion da ya ɗaga ƙato da hannu ɗaya bai rama ba ko sau ɗaya. Ya dunƙule a kan matakalar siminti yana laluben katunan da ke kusa da shi, kansa a buɗe.

Na faɗa cikinsu ina yaƙushi, ina cewa kansa, kada ku taɓa kansa. Na kama kunnen wani na ja har ya tsage. Wani ya juyo ya kwaɗa mini mari da bayan hannu, wani ya damƙi gashina ya wurga ni cikin rumfar 'yan wasa. Bayana ya bugi katakon da ake jingina gorori, suka zubo a kaina. Leɓena ya fashe. Na tashi da gora ɗaya a hannu.

Abin da na gani da na fito, zan faɗe shi yadda yake. Osvaldo ya kifar da tebur ya shiga cikin taron. Yana fizgo mutane ta kwala yana watsarwa, yana cewa, "Ku bar shi, biro ne, ku bar shi." Lelio ya ɗaga sanda zai sauke a kan Tullio, Osvaldo ya naushe shi a baki, ƙanensa na ciki ɗaya, ya zube a kan gurguwar ƙafarsa. Sannan Osvaldo ya kwanta a kan Tullio ya rufe masa kai da ƙirjinsa. Duka yana sauka a bayansa. Ya dafa hannun dama a gefen matakala don kada nauyinsa ya danne yayana, yatsun a baje a kan siminti.

Hannun nan na tsaya ina kallo. Dogayen yatsu, da tabon aikin katako a babban yatsa. Shekara tara ina tunaninsa, ban taɓa ganinsa kusa haka ba.

Na ɗaga gorar da hannu biyu na sauke a kan hannun nan nasa. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an fasa kaguwa. Ya yi wani irin nishi amma bai janye ba, don in ya janye zai faɗa kan Tullio. Na sake ɗagawa na sauke. Na uku na same shi a gwiwar hannu, hannun ya lanƙwashe ta inda ba a lanƙwasawa. Sai a lokacin ya mirgina gefe.

Kowa ya tsaya. Waɗanda ke dukan suka ja da baya suna kallona. Osvaldo yana kwance a rigingine, ya ɗora abin da ya rage na hannun a ƙirjinsa, jini yana bin farar rigar wasansa. Ya dube ni, bai zage ni ba. Tullio ya ɗago daga ƙasa da ƙyar, ya dubi hannun, ya dubi gorar da ke hannuna. Na sake ta ta faɗi. Wata mata ta taho ta tofa mini yawu a fuska, daga baya na ji matar Osvaldo ce. Da 'yan sanda ba su iso a lokacin ba, da a filin nan za a kashe ni. Suka zagaye ni suka kai ni mota, duwatsu suna sauka a kan rufin.

Tullio ya samu karaya a ƙashin wuya da haƙarƙari uku. Kansa ko ƙwarzane babu.

Aka ba ni lauya, wani dattijo mai yawan shan taba. Ya ce maganar mai sauƙi ce. "'Yata, za ki ce kin fito a ruɗe, jini a idonki, kin ga mutumin da ya taɓa nakasa ɗan'uwanki a kansa, kin ɗauka kashe shi zai yi. Babu alƙalin da zai ɗaure ki a kan wannan. Kin ji ko?"

Na ce na ji.

Ranar shari'a aka kira Osvaldo, hannunsa a naɗe har kafaɗa, an rataye shi a wuya. Alƙali ya tambaye shi ko yana ganin da gangan na yi. Osvaldo ya dubi ƙasa ya ce:

"Ranka ya daɗe, wurin a hargitse yake. Ba na jin ta ga abin da nake yi."

Lauyana ya taɓa ni da gwiwar hannu, alamar an gama. Alƙali ya juyo gare ni ya ce ko haka ne. Na tashi. Tullio yana zaune a benci na biyu kusa da Mama. Na tuna ranar da Osvaldo ya tsaya gaban hukuma ya ce gumi ne, da yadda na yi shekara tara ina tauna wannan kalma. Ga shi yau shi da kansa yake miƙo mini irinta.

"Na gani, ranka ya daɗe," na ce. "Na ga yana kare shi. Ina sane na yi."

Lauyan ya rufe takardunsa. Mama ta sa hankici a baki. Aka yanke mini shekara biyu, na yi wata goma sha huɗu aka sake ni. Lelio ya samu ɗaurin je-ka-gyara-halinka, sauran ba a ma gano su ba, don duk garin babu wanda ya ga komai.

An yi wa Osvaldo aiki sau uku, yatsun ba su sake dunƙulewa ba. Ya rufe shagon kafinta, ya koma gadin ƙofa a wani injin matsar zaitun. Na ji an ce shi da Lelio ba su sake zama a tebur ɗaya ba har uwarsu ta mutu. Wani ya tattara abin da ya samu na katunan ya aiko gidanmu ta gidan waya ba suna, ba su kai rabi ba, duk da sawun takalma.

Sau ɗaya Tullio ya zo ganina, bayan wata takwas. Ya zauna a ɗaya gefen teburin, ya rame. Na tambaye shi Mama, ya ce tana nan. Na tambaye shi kafaɗa, ya ɗaga ta ya nuna mini. Lokaci ya kusa cika sannan ya fara, kalma ɗaya bayan ɗaya, gumi yana keto masa. Ban taimaka masa ba, na bar shi ya fitar da su da kansa.

Ya ce ba don kati kaɗai ya je ba. Ya ce tun yana kwance a asibiti abin da ke dawo masa ba ƙwallon ba ce, maganar da ya yi ce a kan mutum yana birgima da ƙashi a waje. Ya so ya ce wa Osvaldo ya kai shi wurin ƙanensa. Shekara bakwai yana zaga filaye yana koyon tsayawa gaban baƙo ya buɗe baki, don ranar.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba, Yaya?"

"Da... da ba ki kai ni ba."

Gaskiya ya faɗa. Mai gadi ta ƙwanƙwasa ƙofa, ya tashi ya fita bai waiwayo ba.

An sake ni wata Talata da safe cikin sanyi, ana yayyafi. Mama ba ta da lafiyar tafiya, na ɗauka babu mai zuwa. Na fito da 'yar jakata sai na ga Tullio a tsallaken titi, a tsaye ƙarƙashin lema, sanye da kwat ɗin Baba. Na duba bayansa ko zan ga wanda ya kawo shi. Babu kowa. Jirgin ƙasa biyu ya hau da bas ɗaya, shi kaɗai, abin da bai taɓa yi ba tun da ya ji rauni.

Bai rungume ni ba. Ya karɓi jakar, ya matsar da lemar ta rufe mu duka, muka taka zuwa tasha. A can na nufi tagar tikiti kamar yadda na saba, ya tare ni da hannu ya shiga gabana. Layi ya taru a bayanmu. Ya sunkuya ga tagar, muƙamuƙinsa ya soma rawa, mai sayar da tikitin yana ƙwanƙwasa biro a kan tebur. Wani daga baya ya yi tsaki. Na ji wuyana ya ɗau zafi, na cusa hannuwana biyu cikin aljihu na dafe su a can.

"Ne... Ne... Nettuno," ya ce. "Mutum biyu."

Muka samu wuri kusa da taga. Ya ciro burodi da cuku da Mama ta naɗe a takarda, ya raba biyu da hannunsa mai rawa, ya miƙo mini babban.